Lissafin Ƙarfe Ɗayan Dare

Ƙarfe ɗayan dare a Osu,
na kife kujeru bisa tebura,
na zazzage aljihu a bayan firji:
sidi biyar da ta sha maiƙo,
goma guda mai yagaggen kunne,
da 'yan sulalla masu ƙarnin kifi.
Dā, wannan ne albashina na gaskiya.
Na ƙarshen wata kuwa baƙo ne,
ko takalmi ba ya cirewa yake sallama.

Ran Talata, a tirotiro daga Nima,
rediyon direba ya ce an ɗaga mafi ƙarancin albashi.
Wata mai tallan koko ta rangaɗa guɗa,
yaron mota ya ce, "To, mu ma sai mu ɗaga."
Ni dai na shiga lanƙwasa yatsu:
kuɗin ɗaki, makarantar Sahadatu,
ƙwayar hawan jinin Baba Mumuni,
har yatsa ɗaya ya yi saura,
na ce wannan na goro ne.

Madam Serwa ta tara mu kafin a hura wuta.
Ta ce, "Ni ba na wasa da hukuma,
kowa zai sami abin da aka yanka."
Sai ta dire akwati mai ɗan kwaɗo,
ta ce duk abin da baƙo ya miƙo, nan zai kwana,
daga ciki za a cike mana gurbin doka.
Muka dubi juna.
Ashe kaza da manta ake soya ta.

A ƙasan rasit aka ƙara layi: ladan hidima.
Mista Kwate, mai shan miya ba barkono,
wanda shekara uku bai tashi ba sai ya danne ashirin da kofi,
ya nuna layin da farce,
ya ce, "Isaka, ai naka ya riga ya shiga."
Na yi murmushi.
Murmushin ma cikin kayan aiki yake,
kamar tire, kamar tsumman goge tebur.

Amma kada in ci amanar gaskiya.
Akwai Atinga, can baya wajen famfo,
hannunsa ya jeme da sabulu kamar fatar ganga.
Ba baƙon da ya taɓa ganin fuskarsa,
balle ya ce masa ungo.
Shi dokar ta same shi har inda yake:
ya sayi takalmin roba,
ya aika wa uwarsa kuɗi Bolga,
ranar har da waƙa yake ɗauraye tukunya.
Da wane bakin zan ce dokar banza ce?

Ni ma na san daren da ruwa ya cika kwata,
tebur goma sha biyu, ba kowa sai ƙuda,
na koma gida da aljihu kamar an share masallaci.
Tukwici ruwan sama ne, na sani,
albashi kuwa rijiya.
Abin da ban gane ba:
don an haƙa mini rijiya mai kamu ɗaya,
sai a tare indararona da bokitin wani?

Ɗazu wata dattijuwa, da ta zo fita,
ta kama hannuna kamar mai gaisuwa,
ta bar takarda a ninke cikin tafina.
Ba ta ce komai ba, idonta ya ce: naka ne.
Na sunkuya kamar mai ɗaure igiyar takalmi,
na cusa ta a safa,
gabana yana faɗuwa,
ni ne ɓarawon kyautar da aka yi mini.

Yanzu ga ni a bakin titi ina jiran motar ƙarshe.
Takardar tana sukar idon sawuna.
Ban ma duba ko nawa ba ce.
Gobe Sahadatu za ta ce, "Baba, kuɗin littafi,"
zan cire safa a gabanta,
mu gani tare.